Iska da tif: yadda na shirya tayoyin kekena don tafiyar Daura

Da muka tsayar da magana ni da wani abokina cewa za mu je Daura a kan keke, daga nan mu wuce wani ƙauye da ke gaba da ita mu gaida dangin mahaifiyata, abin da ya fi cin lokacina a shirin shi ne tayoyi. Birki da sarƙa mai gyara ya duba ya ce lafiya lau, magana ta ƙare. Taya kuwa ita za ta ɗauke ni da kayana daga Kano ta Dambatta da Kazaure, sama da kilomita 100 na kwalta, sannan ta shiga burji da rairayi. A cikin gari in taya ta sace ba wani abu ba ne, kafin ka tura keke ka gaji ka iske mai faci a bakin titi. A tsakanin garuruwa kuwa kai ne mai facin kanka, sai in Allah ya haɗa ka da wani a gari na gaba.

Kekena na gwanjo ne, irin mai giya ɗin nan. Na fara da wanke gefen tayar da ruwa da tsumma don in karanta rubutun da ke jiki, wanda na daɗe ina hawa ban taɓa tsayawa na duba shi da kyau ba. An rubuta 26 x 1.75, a kusa da shi kuma da ƙananan lambobi 47-559. Waɗannan ƙananan su ne masu amfani. Ta farko faɗin tayar ce da milimita, ta biyu kuma faɗin da'irar rim ɗin daga gefe zuwa gefe ta tsakiyar wili, a daidai inda bakin taya ke zama. Lambar inci da muke kira a kasuwa tana yaudara ƙwarai. Yawancin kekunan Japan da ake shigowa da su gwanjo su ma "26" ake ce musu, amma nasu 26 x 1 3/8 ne, rim ɗinsu 590, bambancin milimita 31 ke nan da nawa. Haka "28". Ta Phoenix da tsohuwar Raleigh, wato 28 x 1 1/2, rim ɗinta 635 ne, ta kekunan Turai na yanzu da ake rubuta wa 700C kuwa 622 ce, ita ma 28 ake kiranta. Abin dariyar ma, mai lamba 27 x 1 1/4 rim ɗinta 630 ne, ka ga 27 ta fi wannan 28 ɗin girma. Tif roba ne, yana miƙewa, yakan yafe ɗan bambanci. Taya ba ta yafe ko milimita takwas. Na rubuta 47-559 a takarda na sa a aljihu, sannan na nufi shagon kayan keke.

Ina shiga na ce tif nake so, yaron shagon ya tambaya, "Na 26?" Ya miƙo ɗaya. Na juya kwalin na ga 37-590. Na ce masa ba shi ba ne. Ya ce, "Yallaɓai, duk ɗaya ne, zai shiga." Gaskiyarsa, zai shiga. Amma tif ɗin da ya fi rim tsawo sai ya naɗe a wani wuri a cikin taya, kuma a wannan naɗin robar ke gogar juna har ta huje. Wanda ya yi siriri da yawa kuma sai ya miƙe fiye da ƙima kafin ya cika tayar, ya yi fele-fele, ƙaramar ƙaya ta ishe shi. Maigidansa da ke zaune a ciki ya ji mu, ya ce wa yaron ya duba kwalin ƙasa. Aka fito da mai rubutun 26 x 1.75 zuwa 2.125, wato ya dace da taya mai faɗin milimita 47 zuwa 57 a kan rim 559. Shi nake nema.

Kafin in je na riga na san irin robar da nake so. Baƙin tif ɗin da kowa ya sani da robar butil ake yin sa, kuma ita ce ta fi riƙe iska, tana kuma karɓar faci da sholisho na yau da kullum. Akwai na leteks da 'yan tsere ke so saboda rashin nauyi da santsin gudu, amma iska na fita ta jikinsa da sauri, kusan kullum sai an ƙara. Akwai kuma wani sabon nau'i mai kama da leda da ake kira TPU, wanda in an naɗe shi ba ya cika tafin hannu. Abokina ya so ya saya ta intanet, na hana shi. Facinsa na musamman ne, sholishon mai faci ba ya kama shi, wutar da suke gasa faci da ita kuma narkar da shi za ta yi. Abin da ba za a iya gyara maka a Kazaure ba, me zai sa ka ɗora tafiyarka a kansa? Mai shagon ya nuna min wani mai kauri sosai da ya ce ƙaya ba ta huda shi. Na ɗaga na ji nauyinsa ya ninka na sauran. Yana taimakawa a kan gajerun ƙayoyi, ban musa ba, amma nauyi a wili ya fi nauyi a kariya gajiyar da ƙafa, kuma mafi yawan hanyarmu kwalta ce. Na bar shi. Na sayi na butil guda huɗu, biyu na sawa, biyu na ajiya.

Sai maganar bawul, wadda a nan ne mutane suka fi shiga uku a hanya. Iri uku ne. Akwai irin na mota da babur, mai ɗan ƙarfe a tsakiya, wanda ake kira Schrader. Akwai siriri mai ɗan noti a kai da ake warwarewa kafin a buga iska, sunansa Presta, shi ke zuwa a kekunan gudu na Turai. Sai na kekunan iyayenmu, Dunlop, mai 'yar roba a ciki. Sunan John Boyd Dunlop ne ya bi shi, likitan dabbobin da ya yi wa keken ɗansa taya mai iska a Belfas a 1888, kodayake wani mai suna Woods ne ya ƙirƙiro bawul ɗin. Na Dunlop yana da daɗin gyara, 'yar robar in ta mutu sai a sake ta, kuma babu mai gyaran keken da bai san shi ba. Aibinsa gare ni biyu ne: geji ba ya karanta iskarsa yadda ya kamata, kuma ba ka iya rage iska kaɗan-kaɗan cikin sauƙi, in ka kwance notin sai ta fice gaba ɗaya. Ni kuwa ina so in riƙa ragewa da ƙarawa gwargwadon hanya. Na zaɓi irin na mota, domin duk mai facin da ke bakin titi daga Kano har iyaka bakin tiyonsa na shi ne. Ramin bawul na rim ɗina milimita 8.5 ne, yana ɗaukar na mota da na Dunlop. Na abokina kuwa 6.5 ne, Presta kaɗai ke shiga, tayarsa 32-622. Wasu kan fafe ramin da diril, amma rim ɗinsa siriri ne, ba mu so mu raunana shi ba. Muka nemo masa wani ɗan mahaɗi na tagulla da ake ɗaurawa a kan Presta ya koma bakin na mota, ya ɗaure shi a jikin makullinsa don kada ya ɓace.

Da na dawo gida na buga wa dukkan tif ɗin iska har suka kumbura, na tsoma su a bahon ruwa ina juyawa a hankali, ina duba kumfa, musamman a gindin bawul da wajen haɗi. Sabon tif ma yakan zo da lahani, ko ya daɗe a shago zafi ya busar da shi. Na rataye su suka kwana. Da safe duk suna nan yadda na bar su. Na ajiya na fitar musu da iska, na barbaɗa musu hoda, na naɗe da bawul a ciki, na sa kowanne a tsohuwar safa don kada sifana ko liba su goge su a jaka.

Sawa a taya kuwa wajen wani dattijo mai gyaran keke a unguwarmu na kai, ba don ba zan iya ba, sai don ina so in ga hannunsa. Ya cire tsohuwar tayar, bai ko kalli tif ɗin ba, ya fara da rim. Robar da ke rufe kawunan wayoyin wili ta tsage a wuri biyu, kan waya ɗaya ya leƙo.

"Ka ga wannan? Ko tif ɗin Makka ka sa, wannan zai cinye shi."

Na ce, "Baba, a yanko daga tsohon tif ɗin mana a sa."

Ya shafa cikin rim ɗin da yatsa ya ce a nawa zai yi, tunda kawunan wayoyin a fili suke. Rim mai bango biyu, irin na abokina, wanda ke da ramuka a sama, shi kam sai tef mai tauri, domin iska na danna roba mai laushi cikin ramin har gefen ƙarfen ya yanki tif. Ya goge kan wayar da ya leƙo da fayil, ya sa sabuwar roba. Daga nan ya hura wa tif ɗin iska kaɗan, daidai yadda zai yi siffarsa kawai, ya fara sa bawul, ya bi da sauran. Na roƙe shi ya daidaita rubutun sunan tayar da bawul. Ya dube ni ya ce ado ne? Na ce a'a, in na yi faci na ga inda hujin yake a tif, zan san daidai inda zan nemi ƙayar a taya. Ya yi murmushi ya juya ta. Ƙarshen bakin tayar da manyan yatsunsa ya tura shi, bai sa liba ba, ya ce yawancin sabon tif a hannun mai sa shi yake mutuwa. Sai ya bi tayar zagaye yana matsa ta yana leƙawa, ko akwai inda tif ya maƙale a ƙarƙashin bakinta. Ya ba ta rabin iska, ya juya wilin yana kallon siririn layin da ke gefen taya ko ya fito daidai ko'ina, sannan ya ci gaba da bugawa.

A nan ne muka saɓa. Shi a wajensa taya mai kaya sai ta yi tauri har in ka ɗanɗasa ta da farce ta yi ƙara. Haka ya saba da masu dakon buhun hatsi da jarkokin ruwa, kuma ga mai ɗora kilo ɗari a kariya ban ce ya yi kuskure ba. Na ce ya tsaya haka, zan ƙarasa a gida da geji. Ya ce, "To, ɗan boko, Allah ya kiyaye hanya."

A gefen tayata an rubuta mafi ƙarancin iska PSI 40, mafi yawa 65, PSI ɗin kuwa ma'aunin matsin iska ne. Wasu tayoyin da bar suke rubutawa, bar ɗaya kuwa PSI 14.5 ne. Mutane da yawa suna ɗaukar babbar lambar a matsayin abin da ake so a sa, alhali iyaka ce kawai. Abin da ya dace yana tsakani, kuma nauyin da ke kan kowace taya shi ke faɗa. Na ɗaure kayana duka yadda zan tafi da su, har da ruwa, na aro sikelin awon mutum. Na ɗora tayar gaba a kan sikelin, ta baya a kan katako mai tsayinsa, na hau na dafa bango, ƙanena ya karanta: kilo 42. Muka juya, ta baya ta ba da 66. Kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin a baya yake. To don me za a ba su iska ɗaya?

Wani injiniya Ba'amurke, Frank Berto, ya yi gwaje-gwaje a kan wannan, kuma ƙa'idar da aka san shi da ita ita ce taya ta lotsa kimanin kashi 15 cikin 100 na tsayinta idan an hau. A taya irin tawa wajen milimita 7 ke nan. Muka gwada da rula. Ƙanena ya kwanta a siminti ya auna daga ƙasa zuwa gefen rim babu kowa a kai, na hau ya sake aunawa, ina sauka ina rage iska ina komawa. Ta baya ta kai bakwai ɗin a wajen PSI 45. Na ƙara mata zuwa 50 saboda ramuka, domin in ka faɗa rami da kaya nauyin da ke dukan tayar ya wuce na sikeli nesa ba kusa ba. Ta gaba kuwa har na sauko 40 ba ta lotsa bakwai ba, amma ban wuce ƙasa da abin da masu tayar suka rubuta ba, na bar ta a nan. Bayan na gama na matsa kowacce da babban yatsa don hannuna ya san yadda 50 da 40 suke. A gaskiya da ƙyar nake bambancewa. Daga 40 zuwa sama yatsa tauri kawai yake ji, shi ya sa gejin ya shiga jaka tare da famfo, liba, samfefa, faci, hantsaki da sabon sholisho wanda ba a buɗe ba. Wanda aka taɓa buɗewa kana iya zuwa ka tarar ya bushe ƙamas.

Ƙarshen hunturu muka tashi, bayan sallar asuba, hannu na ƙanƙara a kan birki. Da rana ta take sai na tsaya na auna don in gani. Ta baya da na bari a 50 ta haura 55. Ba abin mamaki ba ne, iska in ta ɗumama tana ƙara matsi: daga digiri 15 na safe zuwa 40 a cikin baƙar taya a kan kwalta, lissafi ya ba da ƙarin wajen PSI 5 ko 6. Wanda ya cika tasa 65 da asuba, da azahar tana sama da 70. Masu ƙera taya suna barin rara, sabuwa ba za ta fashe don wannan ba. Amma tsohuwar tayar gwanjo mai tsattsagen gefe, da kaya a kai, a jingine a rana, ban ba ta amana ba. Ban rage tawa ba, tunda tana cikin iyaka, kuma da yamma za ta koma da kanta.

Abin da na fi ji a jikina shi ne a wuraren da kwalta ta farfashe. Taya mai matsakaiciyar iska tana shanye tsakuwa ta wuce, hannu da ƙugu ba sa jijjiga. Mai tauri sosai tsalle take yi a kan kowace tsakuwa, kana jin kamar gudu kake, alhali ƙarfinka ne ke tafiya a girgiza.

Abokina ne ya fara yin faci, kafin mu shiga Kazaure. Wata babbar mota ta matse mu gefe, ya faɗa wani rami mai kaifin baki, tayar baya ta sace nan take. Da muka fito da tif ɗin sai ga huji biyu a jere kamar saran maciji. Wannan ba ƙaya ba ce, rim ne ya datse tif a kan bakin ramin. Tayarsa siririya ce, milimita 32, tana buƙatar iska fiye da tawa sosai, wajen 70 zuwa sama da irin kayansa, shi kuwa da ya ga lambobina sai ya kwaikwaya. Ya sa na ajiya, muka buga da famfon hannu iya ƙarfinmu, muka lallaɓa zuwa gari. A wajen mai faci ɗan mahaɗin nan ya yi ranarsa. Yaron ya kalli siririn bawul ɗin ya ce, "Oga, wannan ba ya shiga." Aka ɗaura tagullar, ya shiga. Na ce masa ya riƙa ba ta kaɗan-kaɗan yana cirewa, domin injinsu na tayar mota ne, cikin tayar keke kuwa ɗan mitsitsi ne, kafin ka ƙifta ido ta wuce iyaka. Ya danna, na auna, ya ƙara, har ta kai.

Gaba da Daura muka bar kwalta. A bakin burjin na rage ta baya zuwa 43, ta gaba kuwa dama tana kan mafi ƙarancin da aka rubuta mata, na bar ta. Taya ta ƙara shimfiɗuwa a ƙasa, keken ya daina zamewa a tsakuwa. Inda rairayi ya yi zurfi babu lambar da ke ceto, sauka muka yi muka tura. Na riƙa leƙa bawul ɗin lokaci-lokaci, domin in iska ta yi ƙasa da yawa taya kan ja tif a hankali, bawul ya karkace, daga nan ya yage daga gindi, wannan kuwa ba shi da faci.

Nawa rabon a gindin wata aduwa na same shi. Mun tura kekuna cikin inuwa mu huta, ashe wurin cike yake da busasshen tsidau. Kafin mu tashi na bi tayoyin da hannu na ciccire waɗanda suka maƙale, amma ɗaya ya karye ya bar tsininsa a ciki. Bayan ɗan tafiya na ji baya na lilo. Na cire tif, na buga masa iska, na bi shi kusa da leɓena har na ji ɗan sanyin iskar, na shafa yawu ya yi kumfa. Hujin na nesa da bawul da kamar taƙi ɗaya. Na auna taƙi ɗaya daga rubutun tayar ta kowane ɓangare, na shafa cikinta da ɗan tsumma maimakon yatsa, saboda wayar tayar babbar mota da ake kwasa a kwalta tana yanka. Tsumman ya kama a wuri ɗaya. Tsinin bai kai ƙwayar gero ba, da hantsaki na zare shi. Da na sa sabon tif ban neme shi ba, da shi ma ya huje kafin mu kai ƙauyen.

Da daddare a zauren kawuna na yi wa tif ɗin faci. Na goge wurin da samfefa har ya dushe, fiye da faɗin facin, na shafa sholisho siriri, na ajiye shi wajen minti biyar har ya daina sheƙi. Yaran gidan suna ta cewa in liƙa kafin ya bushe. Sai da ya bushe na ɗora facin, na murza shi da gindin cokali daga tsakiya zuwa gefe, na bar shi ya kwana kafin in gwada. Ya riƙe, ya koma cikin safa a matsayin na ajiya. Na abokina mai huji biyu sai da muka sa masa dogon faci guda da ya rufe su duka.

Ranar komawa, muna hawa kwalta na tsaya na mayar da ta baya 48 maimakon 50, domin tsarabar da muka kai ta sauka, abin da aka ba mu kuma, ƙullin daddawa da 'yar kuka, bai kai nauyinta ba. Abokina ya cika tasa 75 ya ɗaura ɗan mahaɗinsa a makulli, muka kama hanyar Kazaure.